Tafiyata Koriya ta Kudu, Inda Ake Koyar Da Zane A Gaban Zanen

Aikina koyar da zane da tarihinsa a wata kwalejin horar da malamai a jiharmu. Duk wanda ya taɓa riƙe wannan darasi a ƙasar nan ya san yadda manhajar take: Nok, Igbo-Ukwu, Ife, Benin, sai a tsallaka Turai a yi dogon zango wajen su Leonardo da Picasso, sannan a taɓa Sin da Japan sama-sama idan lokaci ya rage. Koriya kuwa ko sunanta ba ya fitowa. Shi ya sa da wata malamar jami'a a Seoul, wadda muka san juna a wani taron ƙara wa juna sani ta intanet, ta ce in zo in zauna a ajinta in ga yadda suke koyar da nasu, ban tsaya dogon nazari ba. Farfesa nake ce mata. Rabin lokacinta a aji take, rabin kuma tana shirya baje kolin kayan fasaha a gidajen tarihi.

Biza ce ta fi cin lokaci. Sai da na haɗa takardar gayyata da ta izini daga wurin aiki da bayanan asusun banki, na shiga mota daga Kano zuwa Kaduna, muna tafe muna tsayawa a shingayen jami'an tsaro, sannan na hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja. Da fasfo ya dawo hannuna, uwargida ta so ta cika mini jaka da kilishi da dambun nama, amma Farfesa ta riga ta ja mini kunne cewa ba a shiga Koriya da nama kowane iri, tarar kuma ba ta wasa ba ce. Aka koma ga ƙuli-ƙuli da garin kunu da yaji.

Muka tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano cikin watan Oktoba, muka ya da zango a Adis Ababa, daga nan kusan awa 12 muna sama har Incheon, babban filin jirgin da ke kusa da Seoul. Jami'in shige da fice ya ɗauki hoton yatsuna da na fuskata, ya karanta takardar gayyatar daga sama har ƙasa, ya tambaye ni inda zan kwana, ya miƙo mini fasfo. 'Yan kwastam suka jujjuya ƙuli-ƙulin, na yi musu bayani cewa gyaɗa ce, suka bar ni na wuce.

A wajen canjin kuɗi na soma karatu. Takardar won 50,000, wadda ita ce mafi girma a kuɗinsu, hoton wata mace ne a kai, Shin Saimdang, mai zane ce da ta rayu daga 1504 zuwa 1551, ga zanenta na inabi a gefe. A bayan won 5,000 akwai zanenta na ciyayi da ƙwari, a gaban takardar kuma ɗanta ne, malami Yi I. Bayan won 1,000 zanen tsaunuka ne na Jeong Seon. Na tuna da Ladi Kwali tana gina tukunya a bayan naira ashirin ɗinmu, na kuma tuna yawan ɗalibaina da ba su san ko wace ce ita ba sai na faɗa musu.

Na sauka a wani ƙaramin masauki kusa da unguwar Itaewon, kwana ɗaya won 60,000. Ɗaki ne matsattse, ana cire takalmi tun daga ƙofa, daɓen kuma da ɗumi, domin ta ƙarƙashin ƙasa suke ɗumama ɗakunansu tun zamanin kakanni. Wannan ɗumi ya cece ni, don sanyin kakarsu ya fi hunturunmu cizo da asuba. Agogonsu yana gaba da namu da awa takwas, saboda haka kwanakin farko idona biyu cikin dare, da rana kuma ina gyangyaɗi a jirgin ƙarƙashin ƙasa. Babban masallacin Seoul, wanda aka buɗe a 1976, yana kan tudu a unguwar, kuma hawan tudun nan kafin sallar asuba aiki ne. A nan na haɗu da wani yaro ɗan Zariya mai karatun injiniya. Yana jin na amsa waya da Hausa ya matso ya durƙusa. "Malam, sannu da zuwa, yaushe a gari?" Shi ya saya mini katin hawa jirgi da bas, ya rubuta mini a takarda da rubutunsu cewa ba na cin alade ba na shan giya, ya ce in riƙa nunawa a gidan abinci.

Abinci kam na sha fama. Alade yana ɓuya a inda ba ka zato, har cikin romon miya. Da dare nakan ci a shagunan Turkawa da 'yan Pakistan da ke gangaren masallaci, da rana kuma shinkafa da ganye da ƙwai da suke kira bibimbap, in ce a cire naman, wajen won 10,000, ko gasasshen kifi. Kimchi, wato kabejin da suke tsimawa da barkono, sai da na kwana biyu kafin harshena ya karɓe shi. 'Yan sandunan cin abincinsu na ƙarfe ne masu santsi, don haka cokali na riƙe har na dawo.

Babban gidan tarihi na ƙasa yana Yongsan, a nan ya tare tun 2005, kuma shiga kyauta ne. Kafin wannan, tsakanin 1986 da 1996, a cikin tsohon ginin gwamnan mulkin mallakar Japan yake, har Koriyawa suka yanke shawarar rushe ginin gaba ɗaya. Kana shiga dogon zauren za ka hangi wata hasumiyar dutsen marmara mai hawa goma, tsayinta ya haura mita 13, an sassaƙa ta a 1348. Abin da ya tsayar da ni shi ne labarinta, wanda ba su ɓoye ba. A 1907 wani babban jami'in Japan ya sa aka wargaza ta aka kwashe zuwa ƙasarsu. Wani ɗan jarida Bature ɗan Ingila, Ernest Bethell, da wani Ba'amurke, Homer Hulbert, suka yi ta rubutu a kai har kunya ta sa aka dawo da ita a 1918. Haka kuma littattafan bukukuwan fada da sojojin Faransa suka kwashe daga tsibirin Ganghwa a 1866. Wata 'yar Koriya, Park Byeong-seon, ita ta gano su a babban ɗakin karatu na Faransa a 1975, amma ba su dawo ba sai 2011, kuma ko da suka dawo, da sunan aro ne da ake sabuntawa duk shekara biyar. Littafi 297. Na tsaya ina kallon jerin gwanon dawakai da fadawa da aka zana a shafukansu, launin ja da shuɗi kamar jiya aka shafa, raina yana kan kayan Benin da aka kwashe a 1897. Wani jami'in gidan ya ce mini da yawa daga cikinsu kalmar aron nan tana ci musu rai har yau, amma sun gwammace littafin yana Seoul ana jayayya a kan suna da a ce yana can nesa ana jiran cikakken adalci. Ban gama yanke hukunci a kan wannan ba, sai dai na fahimci dalilinsu.

A hawa na biyu akwai wani ɗaki da aka buɗe a 2021, abu biyu kacal ke cikinsa: mutum-mutumin tagulla guda biyu na addinin Buddha, ɗaya na ƙarshen ƙarni na shida, ɗaya na farkon na bakwai. Ni Musulmi ne, na san matsayin gunki a addinina, kuma abin da ya kai ni shi ne in ga iyakar abin da hannun maƙeri ya iya shekara 1,400 da suka wuce. Kowannensu yana zaune, ya ɗora ƙafa ɗaya kan gwiwa, yatsa yana taɓa kunci, da ɗan murmushi. Babu gilashi tsakaninka da su, kana iya zagayawa ka ga bayansu. Sai ka bi wani dogon lungu mai duhu kafin ka isa, bangon launin jar ƙasa, fitila kaɗan. Yara 'yan firamare da suka shigo da hayaniya, kafin su kai tsakiyar ɗakin sun yi tsit ba wanda ya tsawata musu. A nan na gane cewa mai shirya baje koli shi ma malami ne, sai dai da fili da haske yake koyarwa. Na san wani gidan tarihi a wajenmu da za ka tarar da abu arba'in a akwatin gilashi ɗaya, ƙura ta rufe takardar bayanin, alhali a cikinsu akwai abin da ya cancanci ɗaki shi kaɗai.

Ajin Farfesa na farko da na zauna, a wannan gidan aka yi shi, a sashen tangaran. Ta tsayar da ɗalibanta gaban wani farin tulu da suke kira tulun wata, irin wanda aka yi a ƙarshen ƙarni na 17 zuwa na 18, tsayinsa kusan kamu ɗaya, babu ado ko ɗigo a jikinsa. Ta ce kowa ya sa wayarsa a aljihu, minti goma sha biyar, kallo kawai. Ni ma na bi sahu. Da farko farin tulu ne. Can sai na ga ba zagayayye ba ne sosai, ya ɗan karkata gefe guda. Farin ma ba iri ɗaya ba ne, wani wuri kamar madara, wani wuri ya ɗan yi shuɗi-shuɗi. Da lokaci ya cika ta ce kowa ya faɗi abu ɗaya da ya gani, ban da abin da ya karanta. Wata yarinya ta ce akwai wani layi a cikin tulun, daidai tsakiya, kamar tabo. Farfesa ta ce to daga nan za mu fara. Tulun ya yi girman da yumɓun ba zai tsaya ba idan aka ja shi a tashi ɗaya, shi ya sa magini yake yin kwano biyu manya, ya kifa ɗaya kan ɗaya ya haɗe bakinsu. A matoya wuta takan ja kowane rabi yadda ta ga dama, karkatar daga nan take. Sai bayan wannan ta shiga tarihi: daular Joseon da aka kafa a 1392, da yadda malamanta mabiya Confucius, wani tsohon masanin falsafar Sin, suka fifita fari da sauƙin ado, saɓanin daular Goryeo da ta gabace ta, wadda ta shahara da koren tangaran. Muka koma baya muka duba na Goryeon. Magini yakan ƙwaƙule siffar tsuntsu ko gajimare a jikin ɗanyen yumɓu, ya cike gurbin da farar ƙasa ko baƙa, ya kankare, sannan ya shafa ruwan ƙyalli ya gasa.

Ɗalibaina a gida daga kwafin takarda baƙi da fari suke haddace kan Nok, sunan abu da shekararsa da wurin da aka tono shi. Suna cin jarrabawa, amma ban taɓa ba su minti goma sha biyar su kalli abu ɗaya ba, ko da tulun da ke tsakar gidansu ne. Gani ya kori ji, mu muka yi karin maganar, su suke aiki da ita.

A sashen zanen takarda na yi sa'a. Zanen takarda da siliki ba ya daɗewa a fili, bayan 'yan watanni sai a mayar da shi ma'ajiya ya huta, saboda haske yana cin launi. Ranar an fito da wasu shafuka daga kundin Kim Hong-do, wanda aka haifa a 1745, mai zana rayuwar talakawa: 'yan kokawa, maƙera, masu rufin ɗaki. Shafi ɗaya ya riƙe ni. Malami ne zaune bayan ɗan teburinsa, tsumagiya a ajiye kusa da shi. A gabansa yaro ya juya masa baya yana share hawaye da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana kan igiyar ƙafar wandonsa, littafinsa a yashe a ƙasa. Sauran almajirai sun jeru hagu da dama, wani yana danne dariya, wani ya kasa dannewa. Fuskar malamin kuwa ba ta mugunta ba ce, fuskar wanda ya damu ce. Babu bango, babu ƙofa, babu komai a bayansu sai takarda. Na ce wa Farfesa wannan makarantar allonmu ce, na zauna a wannan zauren, na san wannan yaron. Ta sa na tsaya gaban ɗalibanta na ba su labarin allo da tawada da wankewa idan an haddace. Suka yi ta tambaya har mai gadi ya zo ya ce mu rage murya.

Zanen da na fi ɗokin gani, na dutsen Inwang bayan ruwan sama wanda Jeong Seon ya yi a 1751 yana da shekara 75, yana hutu a ma'ajiya. Yana cikin kaya sama da 23,000 da iyalan marigayi Lee Kun-hee, shugaban Samsung, suka ba ƙasa a 2021. Washegari Farfesa ta kai mu unguwar da ke yamma da fadar Gyeongbok, ta raba mana kwafin zanen, ta nuna dutsen da yatsa, ga shi nan tsaye a bayan gidaje. Dutsen fari ne, amma Jeong Seon ya maka masa baƙar tawada, shafi kan shafi, don a ji nauyinsa da jiƙewarsa. Da yawa daga masu zanen da suka gabace shi tsaunukan da suka gani a littattafan Sin suke kwaikwaya. Shi ya fita ya zana na ƙofar gidansa.

Muna cin abincin rana na ce mata ina kishinta, komai nata yana kusa, tasha biyu uku ta isa. Ta ajiye cokali ta ce, "Malam, rabin abin da nake koyarwa ban taɓa ganinsa ba." Kaburburan tsohuwar daular Goguryeo masu zanen bango suna Koriya ta Arewa da ƙasar Sin. Kaesong, babban birnin Goryeo, yana Arewa. Tsaunukan Geumgang da Jeong Seon ya fi zanawa suna Arewa. Masu zanen da suka ƙaura Arewa lokacin yaƙin 1950 zuwa 1953 ma, an hana nuna aikinsu a Kudu har 1988, shi ya sa malamanta suka yi karatu da giɓi a littafinsu. Ta nuna mini a wayarta hoton da ɗaya daga cikinsu, Lee Quede, ya zana kansa: shuɗiyar rigar gargajiya, hular Turawa, allon fenti na Turawa a hannu, ƙauyen Koriya a bayansa. Ta ce da wannan hoton take buɗe darasin zamani kowace shekara.

Wata rana a jami'arsu darasin gaba ɗaya a kan waɗanda suka rubuta tarihin ne. A lokacin mulkin Japan, daga 1910 zuwa 1945, wani masani ɗan Japan mai ƙaunar tukwanen Koriya, Yanagi Muneyoshi, ya ce kyawun fasaharsu kyawun baƙin ciki ne, na mutanen da suka daɗe suna shan wahala. Da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma Farfesa ta tambayi ɗalibai: wa ke amfana idan aka ce al'umma tun asali mai kuka ce? Ta kawo Ko Yu-seop, wanda ya riƙe gidan tarihin Kaesong daga 1933 har rasuwarsa a 1944 yana ɗan shekara 39, wanda suke ɗauka uban wannan fanni a ƙasarsu, ta sa su gwada maganar mutanen biyu da tulun da suka gani da idonsu. Ajin ya rabu, aka yi musu sosai. Mu ma yawancin abin da muke koyarwa game da Nok da Ife Turawa ne suka fara rubuta shi, kuma ban cika jin mun zauna mun tambayi ta wace taga suka leƙa ba.

A unguwar Seongbuk akwai gidan tarihin Kansong, wanda wani magajin dukiya, Jeon Hyeong-pil, ya gina a 1938. Gadonsa ya karyar yana sayen kayan tarihin ƙasarsa don kada su tsallaka teku. Ana ba da labarin koren tulu mai zanen tsuntsaye da ya saya a 1935 a kan kuɗin da zai sayi gidaje ashirin a Seoul. Shi ya adana ainihin littafin da ya bayyana yadda aka ƙirƙiro haruffansu a zamanin Sarki Sejong. Muna da masu kuɗin da suka fi shi, kuma tsofaffin rubuce-rubucen ajami da rigunan saƙi suna fita daga hannun magada kullum a kan kuɗi kaɗan.

Na ɗauki jirgin ƙasa mai gudun tsiya zuwa Gyeongju, tsohon birnin daular Silla, tafiyar awa biyu da 'yan mintuna, kusan won 50,000. Kaburburan sarakuna suna tsakiyar gari, tuddai ne manya lulluɓe da ciyawa, mutane suna yawo a tsakaninsu. An buɗe ɗaya, wanda aka tona a 1973, ana shiga a ga yadda aka binne mamacin da kambin zinariya, da zanen farin doki a kan ɓawon itace. A gidan tarihin garin akwai kofunan gilashi da suka zo tun daga ƙasashen Rum, da wata ƙararrawar tagulla da aka zuba a 771 mai nauyin kusan tan 19. Na hau bas zuwa kogon Seokguram da ke kan dutse, sauran hanyar kuma a ƙafa cikin iska mai sanyi, gwiwoyina suna ƙara. Ta bayan gilashi ake kallon sassaƙar, ba a ɗaukar hoto. Dalilin gilashin ya dame ni ƙwarai. Maginan ƙarni na takwas sun jera duwatsun yadda iska za ta riƙa ratsawa. Da Japanawa suka zo gyara tsakanin 1913 da 1915 sai suka lulluɓe ginin da siminti, danshi ya rasa hanyar fita, ya soma cin dutsen. Yau da na'ura ake busar da wurin. Duk wanda ya ga yadda ake yaɓa siminti a kan tsohon ginin ƙasa a garuruwanmu da sunan gyara, bayan damina biyu ya ɓanɓare ya tafi da rabin bangon, ya san wannan ciwo.

Da na koma Seoul muka shiga ɓangaren zamani. Gidan fasahar zamani na ƙasa yana da rassa huɗu, kuma wanda ke cikin fadar Deoksu shi ke kula da farkon ƙarni na ashirin. Farfesa ta ce wannan zangon ne ya fi wuyar koyarwa, don masana tsohon tarihi suna ganin ya yi sabo, masana na zamani suna ganin ya tsufa, jami'o'insu ma sun raba sashen zanen Gabas da na zanen Yamma. Ita ta ƙi yarda da rabon. Ta bi da mu daga Ko Hui-dong, wanda ya fara zuwa Tokyo koyon fentin mai, zuwa Lee Jung-seob, wanda talaucin yaƙi ya sa yake zana 'ya'yansa a kan takardar azurfa ta kwalin sigari, iyalinsa suna Japan shi yana Koriya, har ya rasu a 1956 yana ɗan shekara 40. Sannan Kim Whanki. Wannan mutum tara tulun wata yake yi, ya yi ta zana shi tare da wata da reshen itace. Ya je Faransa a 1956, ya koma New York a 1963, a ƙarshe ya bar siffa gaba ɗaya ya koma ɗiga shuɗin ɗigo dubbai a kan ƙyalle, kowane ɗigo ya kewaye shi da ɗan murabba'i, fentin yana nasowa cikin zaren yadda tawada ke nasowa a takarda. Da a littafi na fara ganinsa da na ce kwaikwayon Amurkawa ne. Amma na riga na yi minti goma sha biyar gaban tulun, na kuma ga tawadar Jeong Seon, don haka na gane daga inda ya fito. Haka masu zanen launi ɗaya na shekarun 1970, irin su Park Seo-bo mai jan fensir a kan ɗanyen fenti layi bayan layi, da Ha Chong-hyun mai tura fenti ta bayan buhu har ya ɓullo ta gaba. Na ba ɗaliban labarin su Uche Okeke da ƙungiyar da suka kafa a Zariya a 1958 don haɗa gadon gida da dabarun waje, suka yi mamakin yadda tambayar ta zo ɗaya.

A reshen Gwacheon akwai hasumiyar talabijin 1,003 da Nam June Paik ya haɗa a 1988. Tsofaffin talabijin ne masu ƙusumbi, waɗanda aka daina ƙerawa. An kashe ta a 2018 don gudun gobara, aka yi ta neman na hannu ana gyarawa, aka sake kunna ta a 2022, yanzu kuma awoyi kaɗan take aiki. Wani matashin jami'in adana kaya ya ce tulun shekara ɗari uku ya fi wannan sauƙin riƙo nesa ba kusa ba. Na ce masa ya zo Sabon Gari, akwai masu gyaran da za su tayar masa da kowace. Da ya ji daga Najeriya nake sai ya ambaci Okwui Enwezor, haifaffen Kalaba, wanda ya jagoranci babban baje kolin Gwangju a 2008, ya ce har yanzu suna karanta shi a aji. Gwangjun ban samu zuwa ba, kuɗin jirgi ya ƙare a Gyeongju.

Ranar ƙarshe na shiga unguwar Insadong na sayi takardarsu ta gargajiya da ake yi da ɓawon itace, da buroshi da sandar tawada, da manyan kwafin zane masu launi. Littattafan da Farfesa ta haɗa mini sun sa jakata ta haura kilo, sai da na biya ƙari a filin jirgi. Yaron nan ɗan Zariya ya rako ni har tasha, ya ba ni saƙo in kai wa mahaifiyarsa a Tudun Wada. Muka biyo ta Adis Ababa, na sauka Kano da rana tsaka, zafi ya tarbe ni tun daga matakalar jirgi.

Na rubuta wa shugaban sashenmu ina neman mako biyu na Koriya a manhajar zango mai zuwa, da motar da za ta kai ɗalibai wajen matan da ke ginin tukwane a wani ƙauye kusa da mu, ranar da suke toyi. Makon biyun an amince, motar kuma ana duba kasafi.